Ciwon Bayan Yaran Kanan-Bakashe da Takardar da Ba Ta Jin Hausarsu

A Kanan-Bakashe, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, tsakanin garin Mayahi da Tasawa, yaro kan fara aiki da bayansa tun kafin ya iya rubuta sunansa. Yarinya 'yar shekara 8 tana goye da ƙaninta, yayarta tana bakin rijiya tana jan guga ko tana gaban turmi, namijin kuma yana gona bayan mahaifinsa da damina, da rani yana kwarin Gulbin Kaba yana ɗaure dammunan kaba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jarka mai cin lita 25 da ake aza wa ƙaramar yarinya a ka tana iya kusantar nauyin jikinta gaba ɗaya. Ba sai likita ya faɗa ba, wasu daga cikin waɗannan yara bayansu yana ciwo. Abin da ke da wuyar sani shi ne yawansu, da wurin da yake yi musu ciwon, da kuma tsananinsa.

Zazzaɓi yana da ma'aunin da ake sa wa a hammata, nauyi yana da sikeli, jini yana da na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Ciwo kuwa ba shi da ko ɗaya. Hoton asibiti yana iya nuna ƙashi lafiya lau alhali mai shi bai runtsa ba daren jiya, yana kuma iya nuna lahani a jikin wanda bai taɓa kokawa ba. Saboda haka masana lafiya suka yarda cewa abin da mai ciwo ya faɗa da bakinsa shi ne babbar hujja, suka kuma tsara takardun tambayoyi don a mayar da maganar tasa alƙaluma. Idan haka ne, to na'urar awon da kalmomi aka ƙera ta. Kalma ɗaya ta karkace, awon ya karkace. A nan ne maganar ta shigo gonar ɗalibin kimiyyar harshe, duk da cewa ba kasafai ake gayyatarsa ba.

Batun ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya take dogara da ita ta nuna cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. A 2007 Quinette Louw ta Afirka ta Kudu da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a nahiyar Afirka, suka samu cewa kusan kashi 33 cikin 100 na matasa sun ce sun yi ciwon ƙasan baya a cikin shekara guda. An kuma daɗe da lura cewa wanda ya fara wannan ciwo yana matashi ya fi zama cikin haɗarin ci gaba da shi idan ya girma. A Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, rashin sanin halin da bayan yara yake ciki daidai yake da rashin sanin halin da manoman gobe za su tashi a ciki.

Sanannun takardun awon ciwon baya duk a ƙasashen Turawa aka haife su, akasarinsu kuma don manya. Takardar Oswestry, wadda ta ci sunan wani gari a Ingila, ta fito a 1980 da sassa 10, tana tambaya a kan zama da tsayuwa da barci da tafiya, har da kwanciyar aure. Ta Roland da Morris ta biyo baya a 1983 da jumloli 24, daga cikinsu akwai mai tambaya ko mutum yana kama ƙarfen bene idan zai hau, da mai tambaya ko sa safa yana ba shi wahala. Ta ƙasashen arewacin Turai, wadda Kuorinka da abokan aikinsa suka fitar a 1987, ta raba zanen jikin mutum gida 9, tana tambayar abin da ya faru cikin wata 12 da kuma kwana 7 da suka wuce. Daga cikin 'yan kaɗan da aka yi wa yara takanas akwai wadda Lauridsen da Hestbaek suka tsara a Danmak a 2013, don 'yan shekara 9 zuwa 11. Ita wannan ta ware wuya da tsakiyar baya da ƙasan baya, ta sa zane, tana kuma tambaya ko ciwon ya hana yaro zuwa makaranta ko wasannin motsa jiki. Kowace daga cikinsu ta dace da gidan da aka yi ta. Yaron Kanan-Bakashe dai ba shi da bene, da wuya kuma safa ta dame shi.

Ba za a ce Hausa ta zauna hannu rabbana ba. Malaman sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na Jami'ar Bayero ta Kano sun fassara takardar Oswestry zuwa Hausa, suka gwada ta a kan marasa lafiya, aka buga sakamakon a mujallar Spine a 2019. Bayan nan an bi da fassarar ma'aunin lambobi na tsananin ciwo da wasu takardun. Aiki ne na a yaba, domin an bi ƙa'idar da Beaton da abokan aikinta suka shimfiɗa a 2000: mutum biyu su fassara kowa da tasa, a haɗa, a ba wasu da ba su ga asalin ba su mayar da ita harshen farko, kwamitin masana ya zauna, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40. Sai dai waɗannan takardu na manya ne, Hausarsu kuma daidaitacciya ce mai kama da ta Kano. Abin tsoron shi ne wani mai bincike ya ɗauke su yadda suke, ko ya ɗauko ta Danmak ya juya ta cikin dare ɗaya, ya nufi makarantun Mayahi, ya dawo da alƙaluman da kowa zai gaskata saboda an ce da Hausa aka yi tambayar.

A fara da kalmar "baya" kanta. A Hausa baya sashe ne na jiki, wuri ne, lokaci ne kuma. Jumlar "Ka ji ciwo a baya?" tana da harshen damo har ninki biyu. "A baya" na iya nufin a gadon baya, na iya nufin a can da. "Jin ciwo" kuma a bakin Bahaushe ya fi karkata ga samun rauni: wanda ya faɗo daga jaki ko lauje ya yanke shi, shi ne ya ji ciwo. Yaron da aka jefa wa wannan tambaya yana iya amsawa da e, yana tuna ranar da ƙaya ta soke shi a ƙafa bara. Fassarar da aka mayar zuwa Ingilishi ba lallai ta kama wannan kuskure ba, domin mai mayarwar babba ne mai ilimi, ya san abin da ake nufi, zai kuma zaɓi ma'anar da ta dace da taken takardar.

Sannan Hausa ba ta yanka baya gida uku yadda takardar Danmak ta yi ba. Tana da ƙeya da wuya, da kafaɗa da allon kafaɗa, da gadon baya, da tsatso, da ƙugu, da kwankwaso, da kwiɓi a gefe. Iyakokin waɗannan ba su tsaya cak ba, abin da wani ya kira ƙugu wani kwankwaso zai ce, ana kuma samun bambanci daga gari zuwa gari. Abin da likita yake kira ƙasan baya, mai shi sau da yawa ciwon ƙugu ko ciwon kwankwaso yake cewa. Idan an tambaye shi ciwon baya, zai iya cewa babu, kuma bai yi ƙarya ba. A Nijar akwai ƙarin tarko, domin takarda kan biyo ta Faransanci kafin ta iso Hausa. Bafaranshe idan ƙugunsa na ciwo yakan ce yana da "mal aux reins", kalmar "reins" kuwa ƙoda take nufi a ƙamus. Tafintan da ya bi ƙamus zai tambayi 'yan aji biyar ko suna fama da ciwon ƙoda.

Kalmar "ciwo" ma haka take. Ita ce abin da ake ji, ita ce cutar, ita ce gyambon. Yaron da bai kwanta ba, ba a kai shi asibiti ba, ba a jiƙa masa magani ba, ba ya lissafa kansa cikin masu ciwo. Abin da yake ji bayan ya wuni a duƙe yana da wasu sunaye: gajiya, ko jiki ya yi tsami, ko baya ya riƙe, ko ƙugu ya sage. Idan aka ce a guje wa "ciwo" a yi amfani da "zafi", an faɗa wani ramin. A karin harshen wannan yanki "zahi" ake cewa, kamar yadda ake cewa tahiya da kihi, kuma zahi bai tsaya ga abin da fata ke ji ba. Suna ne na wata cuta ta cikin jiki da jama'a ke dangantawa da rikicewar ciki da basir, kamar yadda sanyi yake sunan wata cutar da ake ɗora wa alhakin ciwon gaɓɓai. Masana zamantakewa da suka yi aiki a Nijar, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna jan hankali ga irin waɗannan sunayen cututtuka da ba su da takwara a littafin likita. Yaron da aka tambaya ko yana da zahi zai iya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai suka, akwai tsami, akwai nauyi, ga kuma amsa-kama da kwatance da yara suka ƙware a kai: yana yi zut-zut, kamar ana soka allura, kamar an aza dutse. A 1975 Ronald Melzack na Jami'ar McGill ta Kanada ya gina takardarsa a kan kalmomin Ingilishi 78 da ake siffanta ciwo da su, ya kasa su gida 20. Da harshen Ingilishi ya fara, daga abin da masu harshen suke faɗa da rubutawa. Wanda ya ɗauki kalmominsa 78 ya nema musu takwara a ƙamus ya kwaikwayi sakamakon aikinsa, ya bar hanyar da ya bi.

Wasu za su ce a bar kalmomi a koma ga lambobi da hotuna, tunda su ba su da harshe. Suna da shi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa yana cewa a zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, inda 10 take nufin ciwo mafi tsanani. A makarantar firamare ta Nijar kuwa, goma bisa goma ita ce makin da yaro yake gudu gida ya nuna wa iyayensa, sifili kuma abin kunya ne. Dole a tabbatar bai ɗauki 10 a matsayin cikakkiyar lafiya ba. Ma'aunin fuskoki da Hicks da abokan aikinta suka gyara a 2001 yana da fuska 6 a jere, daga hagu inda babu ciwo zuwa dama inda ya tsananta. Almajirin da idonsa ya saba da allo daga dama yake fara karatu. Ko a ƙasashen da aka ƙirƙiri ma'aunin an gargaɗi mai tambaya kada ya ce wannan fuskar farin ciki ce waccan ta baƙin ciki, don kada yaro ya auna zuciyarsa a maimakon bayansa. To, ina ga inda aka horar da yaro cewa yamutsa fuska don ciwo ragwanci ne?

Wannan horo yana cikin harshen kansa, ana kuma maimaita shi kowace safiya. Ana cewa "Ina gajiya?" a amsa "Ba gajiya." Ana ce wa majiyyaci "Yaya jiki?" ya ce "Da sauƙi," ko da kuwa numfashi yake da ƙyar. Yaro ya tashi yana jin cewa tambayar babba a kan lafiya gaisuwa ce, amsarta kuma a shirye take. Baƙo mai takarda da alƙalami, a cikin aji, malami na tsaye a bakin ƙofa, sa'o'i na kallo, ba shi ne zai karya wannan al'ada cikin minti biyar ba. Dauriya abin yabo ce, ga namiji da mace. Ga budurwa kuma akwai kunya: ƙugu da kwankwaso ba sassan da take ambata a gaban baƙon namiji ba ne, ciwon da ke zuwa da al'ada kuma yakan sauka a mara da baya tare, ta yadda ko dai ta ɓoye duka, ko ta kira shi ciwon baya don ta tsira da mutuncinta. Akwai kuma wata 'yar matsala ta nahawu da ke iya juya amsa ɗungurungum. Idan aka kore tambaya, aka ce "Ba ya hana ka barci?", Bahaushe yakan ce "E" yana nufin ba ya hana shi. Mai cike takarda da ke tunani da Faransanci zai iya sa alama a gurbin da ba shi ba.

Lokaci ma sai an fassara shi. Wata 12 da suka wuce ba kwando ba ne da yaro ɗan shekara 10 zai iya leƙawa ya ƙirga abin da ke ciki. Shekararsa tana da damina da kaka da ɗari da bazara, tana da azumi da sallah ƙarama da babba, makonsa kuma ranar kasuwa da Juma'a ne suke riƙe da shi. "Tun daga sallar layya zuwa yau" tambaya ce da zai iya amsawa. Ciwon kansa ma yana bin yanayi, binciken da aka yi a watan Janairu ba zai ga abin da noman watan Yuli yake yi wa baya ba. Abin dariya kuma, lokacin da aikin ya fi tsanani shi ne lokacin da makarantu suke hutu.

Nan ma akwai wata ɓaraka. Binciken ciwon bayan yara a duniya ya fi gudana a cikin aji, hankalinsa kuma ya daɗe a kan jakar makaranta, inda ake ta muhawara ko ta wuce kashi 10 ko 15 cikin 100 na nauyin yaro. A karkarar Maraɗi jakar ba ita ce kaya mafi nauyi ba, waɗanda suka fi ɗaukar kayan kuma su ne ba a samu a aji: yarinyar da aka cire don aikin gida ko aure, da mai talla, da makiyayi, da almajiri. Takardar da za ta auna nakasun da ciwo ya jawo a nan sai ta yi tambaya a kan daka da sussuka da jan ruwa, da ɗaukar itace, da goyo, da noma a duƙe, da zaman ƙasa na sa'o'i, da ruku'u da sujada. Ko su ɗin ma da hattara, domin takardun Turai sun ɗauka cewa mai ciwo yakan bar aiki. Yarinyar da babu mai karɓar mata taɓarya ba za ta bari ba. Tambayar ko ciwo ya hana ta daka za ta samu amsar a'a, tambayar yadda take ji idan ta ajiye taɓaryar kuwa za ta iya buɗe wata maganar.

Masu ra'ayin a riƙe takardun duniya yadda suke suna da hujja mai ƙarfi. Idan kowane gari ya ƙera nasa mudun, ba za a iya gwada Mayahi da Kano ba, balle da Danmak, hukumomin da ke raba kuɗin lafiya kuwa alƙaluman da ake iya gwadawa suke saurara. Gaskiya ne. Amma gwaji yana yiwuwa ne idan abin da aka fahimta ɗaya ne a wuraren biyu, daidaiton kalmomi a kan takarda bai isa ya tabbatar da haka ba. Ana iya riƙe ƙashin takardar, wato wuri da yawan aukuwa da tsanani da nakasu, a sauya tufafinta. Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi: yawan tambayar yara a kan ciwo yana iya mayar da gajiyar yau da kullum cuta, ya sa tsoro inda babu shi. Wannan ma gaskiya ne, mafi yawan ciwon bayan yara yana wucewa da kansa. Sai dai takardar da ta san bambancin tsami da zogi, ta san gajiya daban ciwo daban, ita ce za ta fi iya kauce wa wannan haɗari.

Tsarin aikin ne ya kamata a juya. A halin yanzu ana farawa da takarda a ƙare da yaro. Kamata ya yi ɗaliban harshe na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da ɗaliban lafiya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, su fara zama da yaran, da izinin iyaye da masu gari, mata su ji ta bakin 'yan mata, maza su ji ta bakin samari. A ba yaro zanen jiki ya nuna da yatsa, ya faɗi sunan wurin da kansa, a naɗi maganarsa yadda ta fito, da "zahi" da "munka" da "sunka" ɗinta, ba tare da an gyara masa zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Daga wannan taska za a zaɓi kalmomin tambaya. Bayan an tsara, a koma a karanta wa wasu yaran, a ce kowa ya maimaita tambayar da nasa kalmomin, domin a nan ne harshen damo yake tona kansa. Tunda da yawa ba za su iya karantawa ba, gara a naɗi tambayoyin da murya ɗaya a wayar salula, kada kowane mai tambaya ya zama tafintan kansa. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Irin wannan aiki na daga cikin wuraren da za a ga ko matsayin ya sauka daga kan takarda.

Wani abu guda kuma bai kamata a tsara takardar ba tare da shi ba. A cikin yaran da za su ce bayansu na ciwo, 'yan kaɗan ba jarka ko fartanya ce ta jawo musu ba. Amosanin jini, wato sikila, yana da yawa a ƙasar Hausa, yakan kuma kama baya da gaɓɓai. Tarin fuka yana iya cin ƙashin baya har ya tanƙwara yaro ko ya kashe masa ƙafafu. Ciwon da ke tayar da yaro cikin dare, ko ya zo da zazzaɓi da rama, ko ƙafa ta fara sanyi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ba na rubutawa a wuce ba ne. Dole waɗannan tambayoyi su kasance cikin Hausar da uwa da yaro za su gane nan take, dole kuma mai binciken ya san inda zai tura yaron, daga cibiyar lafiya ta Kanan-Bakashe zuwa asibitin gunduma a Mayahi, ko Maraɗi idan ta kama. Tsarin kula da lafiya kyauta da Nijar ta shigo da shi a 2006 ya tsaya ne, a ɓangaren yara, ga 'yan ƙasa da shekara 5, waɗanda ake magana a kansu kuwa duk sun wuce nan. Kuɗin mota da na awo da na magani sai an sa su cikin kasafin binciken tun ranar da ake lissafin kuɗin buga takardun.